Darasin Ƙwayar Halitta Bai Ƙare a Ɗakin Jarrabawa Ba

  

Maganar da muka kawo yau ta daɗe tana ci mana rai. Mun san wasu za su ce ba irin wadda aka saba karantawa a nan ba ce. Ku yi haƙuri, ku bi mu a hankali.

Kowane dogon hutu, mu da muka ɗan yi gaba a karatu mukan tara ƙannenmu 'yan sakandare a nan Ɗankaza mu yi musu bitar darussa. In an zo Bayoloji, babin da ake farawa da shi kusan kullum shi ne na ƙwayar halitta, wadda malamai ke kira sel. Yaran sun haddace shi tsaf. Ka ce su zana, sai su zana da'ira, su ɗiga baƙi a tsakiya, su ja layuka su jera sunaye da Turanci. Ka tambaye su amfanin sanin wannan, su ce ai yana fitowa a WAEC da NECO. Mu ma haka muka yi a lokacinmu, ba abin ɓoyewa ba ne.

Bara ne muka ga abin da ya sa muka daina ɗaukar babin nan da wasa. Wani ɗan'uwa da wata 'yar'uwa daga cikinmu sun kusa shekara uku suna neman juna. Iyaye sun gana, an yi baiko, an fara tara kayan lefe. Da kwamitin aure ya nemi takardar gwajin jini, sai ga shi dukansu biyu AS ne. Ba za mu faɗi sunansu ba, waɗanda suka sani sun sani. Abin da ya fi tsaya mana a wuya shi ne, su biyun sun ci Bayoloji da kyau a sakandare. Sun zana sel ɗin nan, sun samu maki. Amma ba wanda ya taɓa ce musu zanen nan labarin jikinsu ne, kuma wata rana shi zai tsaya tsakaninsu da ranar aurensu.

Don haka ra'ayinmu ke nan, tun kafin mu yi nisa: wajibi ne matashi ya fahimci ƙwayar halitta, ya kuma san irin jininsa, tun zuciyarsa ba ta kama kowa ba. Jiran sai an je gaban kwamiti zalunci ne ga mutum biyu, wani lokaci har da na uku da ba a haifa ba tukuna.

Bari mu koma ajin, amma da Hausa.

Duk wani mai rai, daga ciyawar bakin kogin Wudil har zuwa bijimin da ake ciniki a kara ranar Juma'a, an gina shi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani. A 1665 wani Bature a Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon bishiyar da ake yin murfin kwalba da shi, ya duba a madubin ƙara girman abu, ya ga ramuka jere kamar saƙar zuma. Shi ya raɗa musu sunan da ake kiran su da shi har yau. Bayan 'yan shekaru, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda bai je jami'a ba, ya riƙa goge gilashin madubinsa da hannunsa, har a 1674 ya bayyana kamannin jajayen ƙwayoyin jini. Sai a 1838 da 1839 ne wasu Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka tsai da magana cewa tsiro da dabba duk da waɗannan ɗakuna aka gina su. Daga baya Rudolf Virchow ya ƙara da cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa. Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

In kuna so ku gane ƙwaya guda, ku dubi gidan da kuka taso. Tana da tantanin da ya kewaye ta, wanda ke aikin katanga da zaure a lokaci ɗaya: ba kowa ke shiga ba, ba kome ke fita ba. Tana da madafi inda ake ƙona abinci a samu ƙarfi, su ne maitokondiriya. Tana da 'yan ƙananan maƙera inda ake haɗa furotin, su ne raibozom. A tsakiya kuma akwai turakar maigida, wato nukiliyas, inda aka adana takardun gado. Takardun nan su ne DNA, doguwar rubutacciyar igiya da haruffa huɗu kacal, an naɗe ta cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromozom. Ƙunshi 23 daga uwa suka zo, 23 daga uba. Kowanenmu daga ƙwaya ɗaya tak ya fara, ranar da ƙwan uwa ya haɗu da irin uba. Ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, har aka kai kimanin tiriliyan 30 da ke jikin baligi. A duk rabuwa kuwa sai an kwafe takardun nan gaba ɗaya an ba sabuwar ƙwaya nata.

Abin mamaki, wajen kashi huɗu cikin biyar na waɗannan tiriliyoyi, in yawa ake ƙirgawa, jajayen ƙwayoyin jini ne. Su ne abin maganarmu.

Jar ƙwayar jini tana kama da waina da aka danna tsakiyarta da yatsa ta fuska biyu. Ƙanƙantarta ta kai sai ka jera fiye da 120 kafin su cika milimita ɗaya, wato ƙaramin tazara guda na kan rula. A cikin ɓargo ake yin ta, kuma ɓargon kowanenmu yana fitar da sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, yanzu haka da kuke karanta wannan. Kafin ta fita aiki takan yar da nukiliyas ɗinta, kamar direban da ya cire kujerun mota don kaya su samu wuri. Kayan da take ɗauka shi ne himoglobin, furotin ɗin da ke ba jini launin ja, wanda ke kama iskar oksijin a huhu ya sauke ta a tsoka da ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ƙwaya ɗaya na ɗauke da kusan miliyan 270 na wannan furotin. Takan yi kwana 120 tana wannan jigila kafin saifa ta janye ta. Kuma dole ta kasance mai laushi, domin wasu ƙananan hanyoyin jini sun fi ta ƙunci, sai ta lanƙwashe kanta sannan ta wuce.

To a nan ne sikila, ko amosanin jini, ke shigowa.

Himoglobin an yi shi ne da sarƙoƙi huɗu. Biyu daga cikinsu kowace tana da 'ya'ya 146, a jere kamar tsakiyar wuya. Umarnin yadda za a jera su yana rubuce a kan kuromozom na 11. A wurin wasu mutane, harafi ɗaya ne ya canja a cikin wannan umarni: inda aka saba samun GAG sai aka samu GTG. Saboda wannan harafi guda, ɗa na shida a sarƙar ya zama wani dabam. Shi ke nan. Cikin haruffa wajen biliyan 3 da muke gada daga kowane mahaifi, harafi ɗaya. Himoglobin na yau da kullum ana kiran sa A, wannan mai canjin kuma S.

Muddin himoglobin S na riƙe da oksijin, lafiya lau yake. Da zarar ya sauke, sai ya fara manne wa 'yan'uwansa, su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar. Ku ɗauka an cusa kara cikin jakar fata mai laushi. Ƙwayar ta miƙe, ta ƙage, ta koma siffar lauje. Wadda ta saba lanƙwasa ta wuce, yanzu sai ta maƙale. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Wudil ranar kasuwa, motar shanu guda ta lalace a tsakiya, ya san abin da ke biyo baya: na baya ba gaba, na gaba ba labari. Haka yake a cikin jijiya. Naman da ke gaban cunkoson ba ya samun iska, shi ne azabar da muke gani yaro na birgima yana riƙe ƙafa ko ƙirji. Sanyin hunturu, dukan ruwan sama, ƙishirwa, zazzaɓi, aikin ƙarfi a rana, duk suna iya tayar da shi. Ƙwayar da ta zama lauje kuma ba ta kai kwana 120, tsakanin 10 da 20 take mutuwa. Ɓargo ya yi iya yinsa ya kasa cike gurbi, shi ya sa jini ke ƙaranci, ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara. Saifa ma takan lalace tun yaro na ƙarami, ƙananan cututtuka su zama masu kisa.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ruɗa iyayenmu mata. Jariri ya zo ɓul-ɓul, a yi suna, a yi murna, wata biyar ko shida ba ko ciwon kai, sannan hannu da ƙafa su fara kumbura. Sai a ce ai lafiyayye aka haife shi, baki ne ya kama shi, ko maye, ko iska. In na biyu da na uku suka tafi ta hanya ɗaya, a ce uwar tana wabi. Bayanin yana cikin ƙwayar. Ɗan tayi yana da nasa irin himoglobin, ana kiran sa F, wanda ba ya yin sanduna. Bayan haihuwa jiki yakan rage yin F a hankali, ya koma ga na manya, sai wajen wata shida abin da ke ɓoye ya bayyana. Ba mu ce duk wabi sikila ba ce. Amma Allah kaɗai ya san mata nawa aka nuna da baki, tsofaffi nawa aka kira mayu, a kan harafi ɗaya.

Ba jiya aka gano wannan ba. A 1910 wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, ya wallafa bayanin jinin wani ɗalibin likitan haƙori daga tsibirin Girenada, Walter Clement Noel, wanda aka ga ƙwayoyinsa sun yi siffar lauje. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar a jikin himoglobin take. Zuwa 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano ainihin ɗan da ya canja a sarƙar. Wato kakanninmu suna samari duniya ta riga ta san sirrin. Mu da ciwon ya fi addaba, har yau muna haddace babin don jarrabawa.

Mun ce ya fi addabar mu, ba kuma zuguiguita ba ne. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu sikila. An ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara a ƙasar nan, kuma tsakanin mutum huɗu zuwa biyar, ɗaya AS ne. Ku ƙirga mu ranar da muka cika a taron zumunta, ku raba.

Me ya sa mu? Nan wasu kan fara zancen la'ana ko zunubin kakanni. Amsar tana wurin sauro. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin jar ƙwayar jini take zama ta hayayyafa. A jikin mai AS ba ta samun gidan zama mai daɗi, jiki yakan share ƙwayoyin da ta shiga da wuri. A 1954 Anthony Allison, da ya yi bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi tsira daga mugun zazzaɓi. Shekaru aru-aru, a ƙasar da sauro ke kashe yara, masu ɗauke da S guda sun fi rayuwa su hayayyafa. Ke nan in kai AS ne, abin da ka gada shi ne garkuwar da ta raya kakanninka. Ba ciwo ba ne, ba abin kunya ba ne. Sai dai kada wani ya ji haka ya yar da gidan sauro, mai AS ma yana kamuwa da zazzaɓi. Ga mai SS kuwa zazzaɓi babban haɗari ne. Mu da ke karanta Yohanna sura 9, inda almajirai suka nemi a faɗa musu zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, aka kuma nuna musu ba zunubin kowa ba ne, bai kamata a ji kalmar la'ana a bakinmu ba.

Yanzu lissafin gado. Kowa yana da kwafi biyu na wannan umarni, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, amma ɗaya kawai yake miƙa wa ɗansa, kuma ba shi ke zaɓa ba. Ku ɗauki ƙwarya biyu, kowace ku sa farin wake ɗaya da ja ɗaya. Farin shi ne A, jan shi ne S. Ku rufe ido ku zaro ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Hanya huɗu ce: fari da fari, fari da ja, ja da fari, ja da ja. Ɗaya cikin huɗu SS. Inda mutane ke tafka kuskure shi ne su ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai yi ciwo. Mun ji wanda ya ce, “To mu haifi uku mu tsaya.” Ɗan'uwa, wa ya gaya maka na huɗun ne? Bayan kowace zara ana mayar da waken cikin ƙwarya. Mahaifa ba ta riƙe rajista. Akwai gidan AS da AS da suka haifi biyar ba mai sikila ko ɗaya, kuma irin wannan gida ne ake kafa mana hujja da shi. Akwai kuma gidan da uku a jere suka zo da ita, su ba a cika kawo su misali ba domin uwar tana asibiti ba ta da lokacin gardama. Kada mu manta akwai wani nau'in da ake kira C. Mai AC da mai AS suna iya haifar SC, shi ma sikila ne ko da yake sau da yawa ya fi sauƙi.

A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano. Dokar ta wajabta gwajin jinotaif, da na cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Ta hana ɗaura aure tsakanin AS da AS, ko AS da SS, ko SS da SS, ta kuma tanadi tara har naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar ga wanda ya karya. Ikilisiyoyi da yawa sun riga gwamnati fara neman wannan takarda, kuma mun yaba wa dattawanmu a kan haka. Amma doka da kwamiti duk a bakin ƙofa ɗaya suke tsaye, ƙofar ƙarshe. Sukan tarar da mutum bayan shekara uku na alkawari, bayan iyaye sun zama surukai a baki, bayan gari ya ji. Mutumin da aka matse a wannan lungu shi ne ke fara tunanin neman wanda zai rubuta masa AA a takarda. Ba mu ce kowa zai yi ba. Mun dai san jaraba ce ta gaske, kuma mun san takarda tana iya ruɗin kwamiti, ba ta iya ruɗin ɓargo.

Ko ba maguɗi ma, kuskure yana faruwa. Da yawa cikinmu in ka tambaye su jinotaif sai su ce maka O. Wannan rukunin jini ne, ana duba shi don ƙarin jini, yana magana ne a kan alamomin da ke bayan ƙwayar. Jinotaif yana magana a kan himoglobin da ke cikinta. Abu biyu ne dabam. Sannan akwai gwaji mai arha da kawai ke nuna ko jini yana yin lauje, ba ya bambanta AS da SS. Wanda ake buƙata shi ne na raba nau'o'in himoglobin da lantarki, wanda ake kira ilektiroforesis, ko wanda ya fi shi inganci, HPLC. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya faɗa wa ma'aikacin lafiya, domin jinin wani na iya ɓoye nasa. Ɗaya daga cikin masu wannan rubutu ya yi shekara shida yana yawo da takardar AA daga wani ƙaramin ɗakin gwaji, sai da ya sake a wurare biyu ya gane AS ne. Shawararmu, a yi sau biyu, a wuri biyu, mutum ya je da ƙafarsa ya karɓo da hannunsa.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi nauyi, kuma muna roƙo a saurare mu da ƙauna. Muna jin shaidu, a tarurruka da a Facebook, na waɗanda suka ce sun yi azumi da addu'a jinotaif ɗinsu ya koma AA daga AS. Ba mu isa mu sa wa ikon Allah iyaka ba, ba kuma shi muke yi ba. Amma ku tuna maganar Virchow da muka ce ku riƙe. Umarnin S ba a cikin jajayen ƙwayoyin jinin da aka ɗiba yake zaune ba, jar ƙwaya ma ba ta da nukiliyas. Yana cikin uwayen ƙwayoyi na ɓargo, yana cikin fata, yana cikin ƙwan mace da irin namiji, an kwafe shi tun daga ƙwayar farko. In takarda ta ce AS jiya, wata ta ce AA yau, abu na farko da mai gaskiya zai yi shi ne ya ce ɗayansu ta yi kuskure, ya je babban asibiti a sake. In Allah ne ya yi aikin, gwaji na uku da na huɗu ba za su rushe shi ba. Kutaren da aka warkar ma an aike su su nuna kansu ga firistoci a duba. Mai gudun a sake gwaji, shi ya san abin da yake tsoro. Kuma bangaskiyar da za ka gwada, ka gwada ta a kan jikinka. Wanda zai kwana yana ihu a gadon asibiti ba ya cikin ɗakin lokacin da kuke yanke shawara, ba a tambaye shi ba.

Wani zai ce mana, “Ku da ba ku shiga ba, magana na muku sauƙi.” Gaskiya ne. Mun ga hawayen 'yan'uwan nan biyu, ba mu da amsar da za ta share shi. Wani kuma zai ce ai yanzu akwai magani. Akwai, amma a duba da kyau. Dashen ɓargo yana warkarwa, an fara yin sa a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sai dai yana buƙatar wanda ɓargonsa ya dace, yana da haɗari, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin kusan kowane gida da muka sani. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ke gyara DNA na uwayen ƙwayoyin ɓargo don su koma yin himoglobin F. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Ko wanda aka yi wa dashen ma, jininsa ne ya canja, irin da zai ba 'ya'yansa yana nan da S.

Amma a nan dole mu juya mu yi wa kanmu faɗa, domin akwai wani kuskuren da ya yi daidai da na farko muni. Tun da aka fara wayar da kai, wasu sun koma kallon masu SS kamar gawa mai tafiya. Ana cewa ba sa wuce shekara 20, ana hana 'ya'ya kula su, in an zo rabon aiki a zumunta a tsallake su wai don tausayi. Wannan ƙarya ce kuma rashin ƙauna ne. A Legas an yi wata baiwar Allah, Asiata Onikoyi-Laguda, mai SS, wadda ta haura shekara 90 a duniya. Mai SS da ya auri mai AA, 'ya'yansu duka AS za su zama, ba mai sikila ko ɗaya. Ku sake gwada ƙwaryar ku gani: ɗaya fari biyu, ɗaya ja biyu. Saurayi mai AA da ya guji 'yar'uwa don kawai an ce SS ce, wai kada ta haifa masa marasa lafiya, shi ma bai fahimci darasin ba.

Ga iyayen da suka riga suka yi aure kafin a san wannan, suna kuma renon mai sikila, ba ku yi laifin kome ba, kuma akwai abin yi da yawa. A gwada yaro da wuri, kada a jira ciwo ya nuna. Ya sha ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro, a rufe shi lokacin sanyi, a cika masa allurar rigakafi, a riƙa ba shi magungunan kariya da likita ya rubuta, zazzaɓi kuma kada ya kwana a gida. Akwai magani mai suna haidiroksiyuriya da ke sa jiki ya ƙara yin himoglobin F, wancan na jarirai da ba ya yin sanduna, yana rage tashin ciwon ƙwarai, amma sai da kulawar likita. In ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na yara masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna wanda ke cikin haɗari. Abin alfahari, a nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, likitocinmu tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka yi binciken da ya nuna haidiroksiyuriya na iya kare irin waɗannan yara daga shanyewar jiki. Daga Wudil zuwa can tafiyar kamar awa guda ce. Sau da yawa kuɗin mota da na magani ne ke hana uwa zuwa. In zumunta tana iya tara kuɗin anko da na lasifika, tana iya tara wannan. Masu AA da ƙoshin lafiya a cikinmu kuma su san hanyar ɗakin ba da jini.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote tana nan Wudil a ƙofar gidanmu, wasunmu can suke karatu, suna taɓa madubin da Hooke bai taɓa mafarkin irinsa ba. Abin kunya ne a ce ƙannensu a Ɗankaza ba su taɓa ganin ƙwaya da idonsu ba sai a allo. Saboda haka mun canja tsarin bitar hutu mai zuwa. Za mu nemi aron madubi ko da na yini ɗaya ne, kowane yaro ya ɓare tantanin albasa ya ga ɗakunan da kansa, ya goga cikin kumatunsa ya ga nasa. Za mu kawo ƙwarya biyu da wake, kowa ya zara sau ashirin ya rubuta abin da ya fito. Waɗanda suka kai shekara 15, da yardar iyayensu, za mu raka su asibiti a yi musu gwajin, sakamakon kuma nasu ne da iyayensu, ba za a karanta na kowa a taro ba. Mun riga mun kai maganar gaban baba fasto da dattawa, mun kuma roƙi iyayenmu na zumuntar mata su taya mu shawo kan gidajen da za su yi ɗari-ɗari.

Ranar zuwa asibitin ba za ta zama Juma'a ba, saboda cunkoson gada. Za a sanar da ranar bayan sujada. Mai zuwa bitar ya taho da albasarsa guda.